Sababbin Hannuwan Kaka

Ranar Asabar ce cikin watan Nuwamba. An kwana ana ruwa a Bloemfontein, gari ya waye da rana mai zafi, jar ƙasar filin tseren tana ta fitar da tururi. Tankiso yana kan dandamalin direbobi da rimot a hannu, yana gwajin safe, sai motar ta sauko daga ƙaramin tudu a karkace, tayar gaba ta hagu ta daki bututun ƙarfen da ya yi wa hanya iyaka. Tun daga sama ya ji ƙarar. Ƙas, kamar an karya busasshen kara. Motar ta ɗan ja jiki ta tsaya, tayar ta kwanta gefe guda.

"Kaka ta faɗi!" wani ya ɗaga murya daga ƙasa. "Jama'a, a miƙo mata sanda!"

Aka kwashe da dariya. Ba sai Tankiso ya duba ba, ya san muryar Denzil ce, mutumin unguwar Heidedal mai sayar da kayan motocin rimot a but ɗin motarsa, wanda bakinsa ba ya hutawa daga safe har a rufe ƙofar fili.

Kowa a filin nan Kaka yake kiran motar. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, fentinta ruwan ɗorawa ne da ya koɗe. Mahaifinsu, Ntate Ramaema, shi ya haɗa ta a kan teburin cin abinci tun Tankiso yana rarrafe, kamfanin da ya yi ta kuwa ya daina buga kayanta da daɗewa. Da tsohon ya rasu sai motar ta zama ta Puleng, yayar Tankiso, haɗe da akwatin kayan aikinsa da wata tsohuwar safa mai ɗauke da hannuwan roba na canji. Hannu shi ne abin da ke riƙe taya a jikin mota, yana ɗagawa yana sauka in an hau gargada. Biyu ne suka rage a cikin safar.

Gobe Lahadi kuma ake tseren tsofaffin motoci, wanda ake yi sau ɗaya a shekara. Puleng ta ci bara, ta ci bara waccan. Dokar ƙungiyar ita ce duk wanda ya ci sau uku a jere, ya tafi da kofin gida ke nan har abada. Ntate Ramaema ya bi kofin nan shekara da shekaru, bai taɓa wuce na biyu ba.

Tankiso ya sayar da tasa motar tun lokacin sanyi, sa'ad da ya bar wankin mota ya koma shagon faci, kafin ya bar shagon facin ma. Ya daɗe yana bin Puleng da roƙo ta ara masa Kaka ya shiga tseren Asabar. Yau da sassafe, tana ɗaura igiyar takalmi za ta asibiti aikin safe, ta ce masa ba tare da ta ɗago ba, "Batir da taya kawai za ka taɓa, Tanki. Ka ji ni?"

"Na ji, Ausi," in ji shi. Haka ake kiran yaya mace a yarensu.

"Maimaita."

"Batir da taya."

Ya sauko daga dandamali, ya ɗauko motar ya kai ta teburinsa a ƙarƙashin rumfar kwano. Hannun ya karye daidai tsakiya, yadda suke karyewa kullum. Ya tuna abin da mahaifinsu yake yi in haka ta faru. Tsohon yakan ɗaga guntun sama, ya duba shi a hasken rana, ya ce, "To madalla, ya yi aikinsa," sannan ya jefa a aljihu. Tankiso ya ɗauki wannan a matsayin lallashin kai irin na tsofaffi. Shi dai bai ga aikin da karyayyen abu ya yi ba.

Ya zazzage safar a kan tebur. In ya sa ɗaya yanzu, saura ɗaya. Ga tseren yini guda a gabansa, a kan hanyar da za ta bushe ta zama kunya-kunya kafin azahar. In ya sake karyawa, gobe Puleng za ta shiga babu na canji.

"Zo nan, jikan Kaka," in ji Denzil. Yana jingine da motarsa, but a buɗe, yana cin soyayyen burodi mai maiƙo. "Zo ka ga abin da zai raba ka da kuka."

Ya goge yatsu a wando ya zaro wata leda. Hannuwa biyu ne na alminiyam, shuɗaye, suna ɗaukar ido.

"Na wace mota ne, Bra Denzil?"

"Na jikarta. Kamfani ɗaya, gida ɗaya, jini ɗaya. Ɗora naka a kai ka gani."

Tankiso ya ɗora guntayen robar a kan sabon. Tsawo ɗaya, lanƙwasa ɗaya.

"Ka daki bututu da wannan," in ji Denzil, "bututun ne zai nemi asibiti. Sai yayarka ta yi masa allura."

"Ta ce kada in taɓa komai."

"Wa ya ce ka taɓa? Aro za ka yi wa tsohuwa na yini guda. Ka cire na roba ka adana mata su, ka yi tserenka da ƙarfe, da yamma ka mayar. Gobe ta tarar da ukun da suka rage lafiya lau. Godiya ma za ta yi maka, mutumina. Ni a tawa shekara biyu ke nan suna kai, ko tari ba su yi ba."

Maganar ta shige shi. Ya kawo sababbin tayoyi huɗu, abin da ya rage masa daga tasa motar, ya ajiye a but ɗin Denzil a madadin kuɗin aro, ya ɗauki ledar.

A tebur abu ya fara jan abu. Ya kwance hannun dama mai lafiya, ya mayar da shi cikin safa tare da sauran biyun, ya maƙala shuɗayen da tsofaffin ƙusoshi don ya gwada. Suka zauna. Amma ramin da shokazoba ke kamawa a sabon hannu ya fi nisa, ta Kaka gajera ce, ko an miƙe ta ba ta kai ba. Ya koma wajen Denzil.

"Kash, ai tare suke tafiya, na manta ban faɗa maka ba."

Ya bar batirinsa na biyu a can, ya dawo da shokazoba biyu masu kauri, cike da mai. Da ya ɗaura su sai gaban motar ya ɗaga, kamar akuya tana leƙen katanga. Ya matse sifirin na baya har ta daidaita. Ya ɗaga ta ya sake ta a kan tebur. Ta sauka ba ƙara, ta ɗan nutse, ta taso a hankali ta tsaya cik. Kaka ba ta taɓa sauka haka ba. Sai da ya yi sau uku don daɗin gani.

Sannan ya kama tayar gaba ya girgiza, ya ji tana rawa. Tsohuwar ƙusa iyo take yi a cikin sabon hannu. Ya zare ta, ya ɗauko wadda ta zo a cikin leda. Ita kuma ta ƙi shiga ramin ƙirji.

Ƙirji suke ce wa dunƙulen baƙar robar da ke gaban mota, wanda hannuwa da shokazoba da sitiyari duk suke rataye a jikinsa. Shi ba a da na canjinsa, ba a cikin safa ba, ba a garin ba. Tankiso ya juya ƙusar, ya shafa mata mai, ya danna har babban yatsansa ya yi fari. Ya jera ƙusoshin biyu a tafin hannu. Sabuwar ta fi kauri da rabin milimita, abin da ido ba ya kamawa sai an jera.

"Bra Denzil! Ba ta shiga."

Denzil ya amsa daga nesa, baki cike. "Sai ka buɗa mata ƙofa mana. Kowa haka yake yi. Ko ka faɗaɗa rami, ko ka yi tsere da taya mai rawa, zaɓi naka ne."

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Puleng ce. Yana jin ƙarar gadon marasa lafiya ana turawa a bayanta.

"Shan shayi na fito. Yaya tsohuwa?"

"Lafiya lau take, Ausi."

"Hanya fa? Da laka?"

"Ta fara bushewa."

"Kada ka nemi babban tudu a tsalle ɗaya, ba za ta kai ba. Bi shi biyu-biyu yadda Ntate yake yi. Kuma ka ci abinci, na san halinka. In na tashi zan shigo bas in zo in ga na ƙarshe."

"To, Ausi."

Ya ajiye wayar. Ya zauna yana kallon ramukan nan biyu. A lasifika an fara kiran rukunin farko. Ya miƙa hannu teburin kusa ya ari injin huji, ya zaɓi baki mai kaurin sabuwar ƙusa, ya danne ƙirjin da tafin hagu. Bai ɗauki lokaci ba. Baƙar roba ta fito a murɗe kamar gashin yaro, ta zuba a kan tawul. Ya hure, ya yi ɗaya ɓangaren. Ƙusoshin suka shige sumul.

"Puleng ta san da wannan?"

Oom Fanie ne, dattijon da ke gudanar da tsere, da hularsa mai faɗi da gwiwarsa mai ciwo. Yana tsaye yana kallon murɗaɗɗiyar robar a kan tawul.

"Na yau ne kawai, Oom. Da yamma zan mayar da nata."

"Hannu za ka mayar. Ramin fa?"

"Zan cusa wani abu a ciki. Siririn bututu ko makamancinsa."

Dattijon ya sunkuya da ƙyar, ya duba gefen ramin, inda robar ta yi siriri. Ya buɗe baki zai yi magana, sai aka ƙwala masa kira daga rumfar alkalai, wai na'urar ƙidayar zagaye ta sake tsayawa. Ya miƙe yana gunaguni da yarensa, ya tafi yana ɗingishi.

Tseren farko ya ba kowa mamaki. Kaka ta bi gargada kamar tana tafiya a kan katifa. Inda sauran motoci ke tsalle-tsalle suna watsewa, ita tayoyinta huɗu suna manne da ƙasa. A zagaye na biyu Tankiso ya tunkari babban tudu, mai tozo uku a jere, ya ji yatsansa ya ƙi sakin kunamar rimot, wadda ke ba mota wuta. Motar ta tashi, ta tsallake ukun a tsalle ɗaya, ta sauka a gangara ta wuce. Aka yi ihu daga rumfa.

"Wa ya ba Kaka maganin ƙarfi?"

"Ku duba, ta koma budurwa!"

Sau biyu ya daki bututu a wannan tseren. Babu ƙas. Motar ta yi baya kaɗan ta ci gaba da gudu.

Da ya sauko sai ya sa riga mai ruwan lemo ya shiga fili, domin haka tsarin yake: wanda ya gama tsere shi zai tsaya wa na gaba, in mota ta kife ya ruga ya tada ta. Yana tsaye a kwanar gabas, rana tana dukan ƙeyarsa, yana tada motocin mutane, bakinsa ya ƙi rufuwa don murmushi. Kafin a tafi cin abinci sunansa ya hau allo a cikin waɗanda za su yi babban tseren ƙarshe, na uku a layi. Denzil ne na farko.

Hayaƙin gasasshen tsiran nama ya cika rumfa. Mutane suna zuwa teburinsa da tuwon masara a farantin takarda, suna danna gaban Kaka da yatsa suna kallon yadda take tasowa. Wani ya ɗauki hoto. Wani ya tambaye shi wane irin mai ya zuba, ya amsa kamar shi ya ƙera ta. Sai da suka watse ya ɗauki buroshi yana share jar ƙasa daga ƙirjin, ya ga wani farin layi siriri ya taso daga ramin hagu ya nufi sama. Ya goga da yatsa. Ya tofa yawu ya sake gogawa. Layin yana nan, a cikin robar yake.

Ya duba hagu da dama. Ya kwance hannun hagu da sauri, ya ciro na roba daga safa, ya sa tsohuwar ƙusa. Ta shige ramin ta zube ta ɗaya gefen ta faɗi a kan tawul. Ya naɗe ta da salatif ya gwada, tayar tana kaɗa kai kamar mai cewa a'a. Babu siririn bututun da zai cike rabin milimita, ba a akwatin Ntate ba, ba a teburin kowa ba. Gobe kuma Oom Fanie da kansa yake duba kowace mota kafin tseren tsofaffi, ba a shiga da kayan da ba na zamaninta ba.

Ya zauna riƙe da ƙusar. In ya janye yanzu, ƙirjin yana nan guda, ko da tsaga. Wataƙila a samu mai injin gyaran ƙarfe a gari ya yanka masa ƙusa mai kauri biyu, siririya a hannu, kakkaura a ƙirji, kafin safe. Ya san wani a bayan tashar bas.

"Jikan Kaka, me kake ɓoyewa?" Denzil ya iso yana sakace. "Kada ka ce mini tsohuwa ta gaji. Na riga na gaya wa mutane yau za a ga kaka da jika a layi ɗaya. Ko tsoro ne?"

"Tsoron wa? Kai?"

"To me ya sa ka cire mata hannu?"

"Sharewa nake yi."

Denzil ya wuce yana dariya. Tankiso ya ɗiga gam a kan farin layin, ya hura har ya bushe, ya mayar da shuɗin hannu. Tsere ɗaya ne ya rage. Zai bi tudun biyu-biyu, ba zai kusanci bututu ba, in an gama ya ruga bayan tasha.

Rana ta karkata lokacin da aka kira su. Hanyar ta bushe ƙarau, duk ta zama ramuka da kunya. Direbobi suka jeru a kan dandamali kafaɗa da kafaɗa. Oom Fanie ya ƙirga masu rigar lemo ya ce saura mutum ɗaya a babban tudu, wa zai taimaka? Babu wanda ya motsa daga inuwa. Sai ga wata ta shigo ta ƙaramar ƙofa, da fararen takalman asibiti da jaka a kafaɗa. Ta ajiye jakar a kan benci, ta karɓi rigar daga hannun dattijon, ta zura a kan kayan aikinta, ta taka zuwa tudun. Ta ɗaga wa dandamali hannu.

Tankiso bai iya ɗaga nasa ba, duka biyun suna kan rimot.

Aka busa. Motoci suka zabura cikin ƙura. Ya wuce na biyu tun a kwanar farko, ya maƙale a bayan jar motar Denzil. Ya zo babban tudu ya bi shi biyu-biyu, a hankali, daidai gaban ƙafafun Puleng. Rana ta haska gaban motar. Daga sama ya ga kan yayarsa ya bi Kaka, ya bi ta, har ta sha kwana. Sannan kan ya ɗago ya tsaya a kansa. Ba ta sake ɗaga hannu ba.

"Yayarka ta ga kwalliya," in ji Denzil a gefensa, ido a kan hanya. "Yau akwai shari'a a gidanku."

Kowane zagaye Denzil yana tsallake tudun a tsalle ɗaya, yana ƙara masa tazara. Kowane zagaye Tankiso yana cike tazarar a cikin gargada, ya zo tudu ya sake rasa ta. Ya riga ya san abin da za a yi a gida. Faɗa dai za a yi, ko ya zo na biyu ko ya zo na farko. Ya ga kamar in da kofin Asabar a hannu, faɗan zai zo da sauƙi. Lasifika ta ce lokaci ya kusa. Ya fito daga kwanar gabas hancinsa a bayan Denzil, tudu ya taso a gabansu, bai saki kunama ba.

Kaka ta tashi. Ta yi kyau a sama. Amma bakin tudun ya zaizaye ta gefe guda tun da rana, ya jefa ta a karkace. Ta sauko a kan tayar hagu, ta zame, ta daki bututu da dukkan gudunta.

Ba ƙas ya ji ba. Wata ƙara ce mai nauyi, kamar an saki ƙwarya cike da ruwa. Gaban motar ya buɗe. Tayoyin biyu suka baje, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowace da shuɗin hannunta.

Mai rigar lemo gudu yake yi in mota ta faɗi. Puleng ba ta yi gudu ba. Ta jira motoci biyu suka wuce, ta taka a hankali, ta tsuguna. Ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin motar, ta tattara gaban da ɗayan, yadda ake ɗaukar jariri ba a bar kansa ya yi lilo ba. Ta koma wurinta ta ajiye a gefen ƙafarta. Wata mota ta kife a tudun, ta ruga ta tada ta, ta dawo.

Direba ba ya sauka daga dandamali sai an busa ƙarshe, ko motarsa ta mutu, don kada ya girgiza katako ya ɓata wa na kusa da shi. Tankiso ya tsaya a wurin da rimot a hannu, yana kallon motocin wasu suna zagayawa. Yana nan tsaye har aka busa.

A rumfa Puleng ta shimfiɗa tawul ɗin mahaifinsu, ta jera abubuwan a kai ɗaya bayan ɗaya, kamar tana shirya kayan tiyata. Mutane suka tsaya nesa kaɗan. Ƙirjin ya rabe biyu daga ramin hagu har sama, gam ɗin yana ƙyalli a bakin tsagar. Ta ɗaga rabi ɗaya, ta leƙa ramin a hasken rana.

"Huda shi ka yi."

"Ausi, na safe ne ya karye, sai na ga saura..."

"Huda shi ka yi, Tanki?"

"Rabin milimita ne kawai. Don in adana miki na roba ne. Ga su nan, duka ukun, ban taɓa su ba."

Ya zazzage safar. Hannuwa uku suka zubo, baƙaƙe, lafiyayyu. Ta dube su.

"A jikin me zan ɗaura su?"

Ya dubi rababben ƙirjin a kan tawul.

"Ka san dalilin da ya sa Ntate ya tara su a safa, bai tara wani abu ba? Don su karye aka yi su. In mota ta daki abu, dole wani wuri ya ba da kai. Sai aka sa hannu ya fi komai rauni, ya karye shi, a bar ƙirji. Kai kuma ka sa wanda ba ya karyewa." Ta ajiye rabin a kan tawul, ta gyara masa zama ya yi daidai da ɗan'uwansa. "Ka ci abinci?"

"A'a."

"Na sani."

Oom Fanie ya zo yana ɗingishi da waya a kunne. Ya kira wani a Kimberley mai tara tsofaffin motoci, ya kira wani a Benoni. Na farko ya ce ya sayar da nasa tuntuni. Na biyu ya ce shi ma nema yake, in an samu biyu a tuna da shi. Dattijon ya mayar da wayar aljihu, ya cire hula ya share goshi.

"Yi haƙuri, 'yata. Na gani da safe. Da na tsaya."

"Ba kai na ba aro ba, Oom."

Denzil ya matso da ƙaramin kofin Asabar a hannu, yana riƙe da shi ƙasa-ƙasa kamar abin sata. "Ausi Puleng, ga tawa, ki shiga da ita gobe. Wallahi da zuciya ɗaya."

"Taka jika ce, Denzil. Tseren kakanni ake yi gobe."

"A tawa fa ba su taɓa..." Ya juya motarsa ya duba gabanta. Ƙirjinta na ƙarfe ne. Ya sa ta a hammata ya koma wajen but ɗinsa.

Puleng ta naɗe tawul ɗin da abin da ke cikinsa, ta sa a akwati, ta rufe. Ta cire rigar lemo za ta miƙa wa Oom Fanie, sai ta fasa.

"Gobe ma za ka rasa mai tsayawa a tudu, ko?"

"Kullum ina rasawa."

"To bar ta a wurina."

Ta cusa rigar a jaka. Ta miƙa wa Tankiso akwatin, ita ta ɗauki safar. Suka fita ta ƙaramar ƙofa zuwa bakin titi, inda ake jiran bas. Ƙasa ta bushe sarai, kamar ba a yi ruwa jiya ba.

Abin da aka rasa ranar: hannun roba ɗaya, da safe. Ƙirji ɗaya, wanda babu irinsa. Farantin ƙasan motar, da ya tsage daga gaba. Shokazoba ɗaya da ta lanƙwashe. Tayoyi huɗu da batir ɗaya, a but ɗin Denzil. Tseren Lahadi, da kofin da sai an sake farawa daga ɗaya.

Hannuwan alminiyam biyu kuwa tun kafin a naɗe tawul Denzil ya karɓe su ya mayar cikin leda. Ko ƙwarzane ba su yi ba.